Kundin aikin bincike: waɗanda ba sa isa ƙofar jami'a

Litinin, 20 ga Janairu, 2025

Kwamitin ɗa'ar bincike na tsangayarmu ya amince da takardar neman izinina, bisa sharaɗin cewa ba za a ambaci sunan ɗalibi ko na makaranta ba, kuma duk yaron da bai kai shekara 18 ba sai mahaifinsa ko waliyyinsa ya yarda kafin a yi hira da shi. Aikin shi ne bin sawun 'yan ajin ƙarshe na babbar sakandare a makarantu uku na jihar Kano, ɗaya mai zaman kanta a cikin birni, ɗaya ta gwamnati a unguwa mai cunkoso, ɗaya kuma ta gwamnati a wata ƙaramar hukuma ta kudancin jihar, tun daga rajistar JAMB, wato jarrabawar neman shiga manyan makarantu, har zuwa lokacin da jami'o'i za su fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka.

Kusan duk abin da ake rubutawa kan rashin daidaito wajen shiga jami'a a Nijeriya ya dogara ne da alƙaluman hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, kuma alƙaluman nan suna farawa ne daga wanda ya riga ya sayi fom. Mai aiki da su kaɗai kamar mai auna hatsi ne a bakin rumbu, ba ya ganin abin da ya zube tun daga gona. Abin da nake son gani shi ne inda yara ke yankewa kafin su zama lamba a littafin hukumar.

Kuɗin aikin daga aljihuna zai fito a halin yanzu, domin neman tallafin da na shigar tun bara bai dawo da amsa ba. Na ware naira 400,000 zuwa ƙarshen Yuli.

Alhamis, 30 ga Janairu

An buga takardun tambayoyi da na neman yardar iyaye, da Hausar boko da kuma ajami saboda dattawan da ajami ya fi musu sauƙi. Bugu da ɗinki sun ci naira 38,000. Na ɗauki mataimaka biyu daga ɗaliban digiri na biyu, namiji da mace, kan naira 5,000 a kowace ranar fita, ban da kuɗin mota da abinci.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An buɗe rajistar JAMB ranar Litinin, 3 ga wata, bayan an ɗage ta daga ƙarshen Janairu. Kuɗin bana naira 7,200 ne ga wanda ba ya son jarrabawar gwaji, 8,700 ga mai so. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin iyayen da nake magana a kansu ba su da albashi kwata-kwata, za a ga cewa fom ɗaya ya haura kashi goma cikin ɗari na abin da ƙaramin ma'aikaci ke karɓa a wata.

A makarantar kuɗi ta cikin birni ba a ɗauki wannan a matsayin al'amari ba. Makarantar ce ke tara kuɗin tare da na zango, ta ɗebi yaran a motarta zuwa cibiyar kwamfuta a rana ɗaya, malamin da ke kula da jarrabawa ya zauna da kowane yaro su zaɓi kwas da jami'a. Shugaban makarantar ya yi mamakin tambayata game da waɗanda ba za su yi rajista ba, domin a wurinsa babu irin wannan rukuni.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Makon nan na yi shi ne a makarantar karkara, kuma ya fi kowanne wahala tun da aka fara. Matsala ta farko ita ce rajistar ajin kanta. Sunayen da ke cikin littafi sun fi yaran da ke zuwa yawa nesa ba kusa ba, kuma da na tambayi malamin ajin sai ya riƙa bin sunayen ɗaya bayan ɗaya yana faɗin inda kowa yake: wannan ya tafi cirani kudu tun bayan kaka, wancan yana tuƙa A Daidaita Sahu a birni, wannan an ɗaura mata aure, wancan zai dawo idan jarrabawar kammala sakandare ta NECO ta matso. Ba a soke sunan kowa ba, saboda haka a takarda dukansu ɗalibai ne. Na yanke shawarar riƙe su a cikin binciken, ko da kuwa neman su zai ninka kuɗin mota, domin barin su waje zai mayar da aikin irin wanda na ce ba zan yi ba.

Matsala ta biyu ta fi ɗaure kai. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma hanyar ita ce yaro ya tura lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a mayar masa da lambar da zai sayi fom da ita, layin wayar kuma ya zama nasa shi kaɗai a wurin hukumar. A birni wannan aikin minti biyu ne. A nan yawancin yaran, musamman 'yan mata, ba su da waya, sai su ari ta mahaifi, wani lokaci a tarar wa ko ya sun riga sun yi rajista da layin a wata shekara. Waɗanda suka tsallake wannan sai su ci karo da saɓanin suna: a makaranta an rubuta yaro da sunan garinsu a ƙarshe, a NIN an sa sunan kakansa, ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. Gyaran yana buƙatar tafiya da kuɗi da jira, kuma kwanakin rajista ba sa jiran kowa. Wanda ya tsara waɗannan matakai ya yi ne don toshe satar jarrabawa, kuma sun rage ta, sai dai nauyinsu ya fi sauka a kan wanda ba shi da wani babba a gida da ya taɓa bin hanyar.

Na uku, labari ya bazu a garin cewa ana rubuta sunaye don rabon tallafi. Ranar Laraba muka tarar da mutane a ƙofar makaranta riƙe da katin zaɓe da lambar banki. Sai da na je gaban dagaci na faɗi na yi gaisuwa, na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo da ko sisi ba, tambaya kawai muka zo da ita," shi kuma ya sa aka yi shela bayan sallar la'asar. Wasu iyayen da suka sa hannu da farko sun janye bayan sun ji haka, kuma ban ga laifinsu ba.

Mai da abinci da kuɗin mataimaka a makon nan: naira 71,500.

Talata, 25 ga Fabrairu

Makarantar gwamnati ta cikin birni. An raba takardun tambayoyi, an karɓo mafi yawansu. Akwai ɗakin kwamfuta amma a kulle yake saboda rashin wuta, alhali tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake rubuta jarrabawar JAMB.

Lahadi, 2 ga Maris

An ɗauki azumi jiya, kuma Kano, kamar Katsina da Bauchi da Kebbi, ta rufe makarantu har bayan sallah. Ana ta muhawara a jaridu kan dacewar hakan, amma abin da ya shafe ni shi ne za a rufe rajistar JAMB ranar 8 ga wata, wato makon ƙarshe, wanda a cikinsa ne masu jinkiri ke samun malamin da zai tura su ko ya ranta musu kuɗi, ya faɗo a lokacin da babu kowa a makaranta. Jadawalin hirarrakin da na tsara ya rushe gaba ɗaya. Za mu koma bin gidaje, da safe kawai.

Alhamis, 20 ga Maris

Tun da fita ta ragu, na koma karatu da rubuta babin nazari. Masanin zamantakewa Robert Mare, a aikinsa na 1980 kan Amurka, ya raba karatu zuwa matakai, ya nuna cewa tasirin asalin iyali yana bayyana da ƙarfi a matakan farko sannan ya yi kamar ya ragu a na gaba, kuma babban dalili shi ne 'ya'yan talakawan da suka kai sama an riga an tace su, saura zaƙaƙurai kawai. Raftery da Hout sun duba ƙasar Ailan a 1993 suka ga cewa faɗaɗa makarantu ba ya rage tazara har sai masu hali sun ƙoshi da wannan matakin, Samuel Lucas kuma ya ƙara a 2001 cewa ko an kai nan, tazarar takan koma kan irin makarantar da irin kwas ɗin da kowa ya samu. Duk waɗannan an gina su ne a ƙasashen da kusan kowane yaro ke gama firamare, saboda haka ba za su hau kanmu daidai ba, amma tambayar da suka koya mini ita ce wadda ta dace da tsarin kason da muke da shi.

Ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ita ce kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga yankin da jami'ar ke ɗiba, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, waɗanda suka haɗa da jihohin Arewa 19 da Bayelsa da Kuros Riba da Ebonyi da Ribas. Tarihin da ya haifar da wannan ba ɓoyayye ba ne. An buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a lokacin da makarantun sakandaren Arewa ba su taka kara sun karya ba, rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya ba da shawarar ƙarin jami'o'i, aka kafa ta Ahmadu Bello a 1962, sannan a 1975 aka zo da rukunin jami'o'in da ya haɗa da na Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos. Sashe na 14(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ra'ayin daidaiton wakilci gindin zama. Ina ganin tsarin ya yi aiki wajen rage tazara tsakanin jiha da jiha. Abin da ba ya iya gani shi ne tazarar da ke cikin jiha ɗaya, domin takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma iri ɗaya ce a hannun ɗan babban sakatare da ya tashi a Nasarawa GRA da ɗan manomin da bai taɓa taɓa kwamfuta ba, kuma a gasar da ke tsakaninsu an san wanda zai ci. Kason yana jiran yaro ne a bakin ƙofa, ba ya zuwa ɗauko shi.

Jumma'a, 4 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi. An kammala mayar da hirarrakin Fabrairu zuwa rubutu. Jimillar abin da aka kashe zuwa yau naira 214,000.

Litinin, 14 ga Afrilu

Mataimakiyata ta samu aiki a wata ƙungiya mai biyan abin da ba zan iya biya ba, kuma ta tafi da albarkata. Tafiyarta ta tsayar da rabin aikin, domin ita ce ke shiga cikin gida ta zauna da 'yan mata da iyayensu mata, wurin da ni da ɗayan mataimakin iyakarmu zaure. Abin da ta tara kafin ta tafi shi ne mafi daraja a hannuna. Daga hirarrakinta ne na fahimci cewa a gidaje da yawa ba a ƙi karatun 'ya mace ba, abin da ake tsoro shi ne tsawonsa da rashin sanin ƙarshensa. Wata uwa ta lissafa mata da yatsu: shekarar jiran sakamako, shekarar sake JAMB idan ba a samu ba, shekara huɗu na digiri, sannan yajin aiki. Ta tuna da na 2022, wanda ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta fara ranar 14 ga Fabrairu ta janye ranar 14 ga Oktoba, wata takwas cur, domin 'yar maƙwabciyarta ta zauna a gida duk tsawon lokacin ana ta yi da ita a unguwa. Ni ɗan ƙungiyar ne kuma na san dalilan yajin, amma ban taɓa ganin an sa wannan asarar a cikin lissafinsa ba. Shi ya sa gidaje irin wannan suka fi karkata ga kwalejin ilimi ko makarantar koyon aikin lafiya da ke kusa, inda yarinya za ta riƙa kwana a gida kuma an san ranar gamawa.

Na nemi wata malamar firamare a garin, wadda kowa ke kira Anti, ta karɓi aikin a ranakun Asabar. Za ta buƙaci horo kan yadda ake tambaya ba tare da sa wa mutum amsa a baki ba.

Laraba, 30 ga Afrilu

Ana cikin jarrabawar JAMB tun makon jiya. An buƙaci 'yan zaman farko su isa cibiya da ƙarfe 6:30 na safe, abin da ya jawo ƙorafi a faɗin ƙasa. Yaran makarantar karkara da suka yi rajista an tura su cibiyoyin da ba za a iya isa da asuba daga garinsu ba, sai suka kwana a birni, masu dangi a gidan dangi, marasa dangi a masallaci ko tasha. Wani uba ya raka 'yarsa da kansa, ya ce kuɗin motarsu su biyu da abinci ya fi kuɗin fom ɗin. Na ƙara layi a takardar lissafi don wannan kashe kuɗin da ba ya cikin kowace sanarwa.

Asabar, 17 ga Mayu

Sakamako ya fito ranar 9 ga wata. Cikin kusan mutum miliyan 1.95 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ranar 14 ga wata shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura da ta shafi mutum 379,997 a cibiyoyi 157 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, ya nemi afuwa, aka shirya musu sake jarrabawa. Abin bai taɓa yaran da nake bi ba, amma ya nuna wani abu da ya shiga aikina kai tsaye: kuskuren ya fito fili ne saboda iyaye da malaman da abin ya shafa sun san makin da ya kamata 'ya'yansu su ci, suna da hanyar ɗaga murya a kafafen sada zumunta, wasu har suna maganar kotu. Da na tambayi yaran karkara ko sun yarda da makinsu, tambayar ce ma ta ba su mamaki, domin ba su san ana ja da sakamako ba.

A makarantun uku makin ya jeru yadda ake zato. Ba zan rubuta adadi a nan ba sai na gama tantance takardun da idona, saboda wasu yaran da baki suka faɗa mini.

Litinin, 2 ga Yuni

Wasiƙar da na kai wani ofishi tun Fabrairu ina neman jerin waɗanda suka ci jarrabawar share fage a ƙananan hukumomin da nake aiki har yanzu ba ta samu amsa ba. Duk zuwa sai a ce mai sa hannu yana taro. Bayanin yana da muhimmanci, domin a Kano gwamnati na biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin NECO ne idan sun ci wannan jarrabawa, wanda ya faɗi kuwa sai iyayensa su biya ko ya haƙura, kuma ba tare da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da Lissafi ba makin JAMB ba shi da amfani. Ina zargin wannan ce babbar matattara a makarantun gwamnati, fiye da JAMB ɗin kanta. Idan ofishin bai ba da komai ba, zan tattara daga littattafan makarantun, ko da yake ba su cika ba.

Laraba, 18 ga Yuni

An fitar da fom ɗin ƙarin girma a wurin aiki, kuma ƙidayar maƙaloli ake yi. Wani babba a sashenmu, wanda ya koyar da ni, ya kira ni ofishinsa ya ce, "Malam, wannan aikin naka mai kyau ne, amma kwamiti ba ya karanta niyya." Shawararsa ita ce in raba takardun tambayoyi ga ɗaliban aji ɗaya na jami'a, waɗanda ke zaune a gabana kowace safiya, in fitar da maƙala biyu kafin Satumba. Na gode masa, kuma na san don ƙauna ya faɗa. Amma wannan ita ce hanyar da ta sa rubuce-rubucenmu suka cika da ra'ayin waɗanda suka riga suka shigo, saboda su ne mafi arha a tambaya. Zan tsallake zagayen bana. Wata mujallar waje ta mayar mini da maƙalar da na tura bara da hujjar cewa batun na gida ne, wata kuma ta karɓa amma kuɗin bugun da ta nema da dala ya fi albashina na wata uku.

An fara shuka, samarin karkara sun koma gona, samun su sai da daddare.

Alhamis, 10 ga Yuli

Taron tsara manufofin ɗaukar ɗalibai da aka yi a Abuja ranar 8 ga wata ya tsayar da maki 150 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi, an kuma tabbatar da shekara 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga. Maganar shekarun ta cika jaridu, amma a makarantun gwamnatin da nake bi matsalar akasin haka ce, da yawa sun haura ashirin saboda sun fara boko a makare bayan allo ko sun yi ta yankewa. Maki 150 ɗin ma mafi ƙaranci ne kawai, domin kwasa-kwasan likitanci da lauya da injiniya suna yankewa can sama, kuma a nan ne maganar Lucas kan irin kwas ɗin da kowa ke samu za ta gwadu.

Na fara tambayar iyaye game da bashin karatu na NELFUND, wanda aka sa wa dokarsa hannu a Afrilun 2024 aka buɗe shafinsa a watan Mayun shekarar. Yana biyan kuɗin makaranta, yana ba da naira 20,000 a wata, babu ruwa a kansa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Iyayen birni sun san shi, na karkara kaɗan ne suka ji labarinsa, kuma tambayarsu ta farko ita ce ko akwai riba a ciki. Bashin yana buƙatar takardar samun gurbi, wato ba ya taɓa kuɗin NIN da fom da mota da NECO, inda yawancin yarana suka tsaya.

An kashe naira 386,500, saura 13,500. Mataki na gaba yana buƙatar kusan 250,000: bin waɗanda suka ci zuwa jarrabawar tantancewa ta jami'o'i da duba gurbinsu a CAPS, manhajar JAMB ta ba da gurbin karatu, jiran sakamakon NECO, da neman samarin da suka tafi cirani ta waya ta hannun iyayensu. Anti za ta ci gaba da hirarrakin cikin gida har ƙarshen Agusta, kuma na sake shigar da neman tallafin da sabon kasafi ranar Talata.